Injin Hussaina a Zauren Lado

Ni fa idan aka ce janareta raina ɓaci yake yi, ko a rediyo na ji an ambata sai na ja tsaki. Ba ƙarfen ne ya yi min laifi ba, ƙarfe me ya sani? Mutane ne. Kuma ba wasu bare ba, ɗan da na haifa ne da jikan da na goya. Tunda kin tambaye ni abin da ya sami kafaɗar Hussaina, to gyara zama. Duk wanda kika tambaya a gidan nan zai ce miki faɗuwa ta yi. Ƙarya ce, ina wurin.

Hussaina surukata ce, matar ɗana Saminu, Allah ya jiƙansa. Daga Gubuchi aka kawo mana ita nan Makarfi, 'yar siririya da ita, jinin Fulani ce ta wajen uwa. 'Yan biyu ne, Hassanar ta koma tun suna goye, har mutanen garinsu na cewa wadda ta tafi ita ta tafi da bakin. Don wallahi da aka kawo ta, sai da aka share gona aka yi shuka aka yi girbi ban san kalar muryarta ba. In ta zo gaishe ni daga bakin ƙofa take durƙusawa, sai dai in ga leɓe na motsi. Na ce wa Saminu, kai, kurma ka auro mana? Ya ce Iya ki bar ta, a ɗaki tana magana.

Saminu lodin rake yake bi. Wata shekara mota ta faɗi da su a hanya, aka kawo mana shi a kwance, bai kwana ba. Ya bar ta da yara reras, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba. Da ta fita takaba danginta suka zo ɗaukarta, yarinya ce lokacin, da ta koma da ko wata ba za ta rufa ba an ɗaura mata aure. Sai ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa, ta ce, "Iya, ki ce musu ina nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na fita na ce musu tana nan.

Gida ya koma hannun Lado, ƙanin Saminu, wanda matan gida ke ce wa Baban Sadiƙ. Lado ɗana ne, ni na haife shi, ba zan yi masa ƙazafi ba: ba ya dukan kowa, ba ya zagin kowa. Amma mutum ne mai son a ce. In an zo bikin wani shi ne a gaba da babbar riga, in an zo cefanen marayu sai ka ji ya tafi fadama. Hatsi dai yana aunawa a ba su in an yi girbi. Mai da gishiri da sabulu da takalmi da magani, wannan kuwa duk a wuyan Hussaina.

Babu wahalar da baiwar Allah nan ba ta sha ba. Dakau ta yi, surfe ta yi, ƙuli-ƙuli ta yi, wankau ta yi. Tun asuba za ki ji taɓarya, har rana ta take tana luguden. Dakan nan shi ya fara cinye mata kafaɗar dama, in sanyi ya shigo sai na shafa mata man kaɗanya da kanwa. Da adashi da sayar da 'yar tunkiyarta ta samu ta sayi firiza, tsohuwa, murfin ma ba ya kamawa sai an ɗora dutse. Ranar da aka shigo da ita na ga haƙoran Hussaina a waje. Daga nan ta ajiye taɓarya. Ta koma zoɓo da kunun aya da lamurje da ƙanƙara. Ke, kunun ayar Hussaina! Tana sa dabino da kwakwa da ɗan kanumfari, ba ta cika ruwa. Masu shaguna na bakin tasha nan suke aikowa a ɗaukar musu a cikin kula mai riƙe sanyi. Ranar kasuwa kuwa kafin azahar an share firizar tas. Da firizar nan ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki. Da ita ta rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa tsayawa ƙofar Lado ta ce a ba ta na gishiri ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗanta na fari shi ne Hamisu. Kin san ɗan fari a wajenmu, balle wajen masu jinin Fulani. Ana yaye shi aka miƙo min shi, a ɗakina ya tashi, a bayana ya yi fitsari. Hussaina ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In za ta ambace shi sai ta ce "ɗan ɗakin Iya". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Ba ƙi ba ne fa. Da ya yi ƙyanda yana ƙarami, a bayan taga take tsayawa ta ce, "Iya, ya mai jiki?" sannan ta koma madafa ta ce hayaƙi ne ya sa mata hawaye. In ta ɗinka masa riga ni take kawo wa, in ba shi a matsayin ni na yi. Kunya ce, haka ta taras, haka uwarta ta yi.

Ni kuwa da shi ba a magana. Jika da kaka, kin sani. Ni ce matarsa, shi ne mijina da ba ya cefane. In ya shigo sai ya ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan kina cinye mana tuwo?" In ce, "Ina nan, sai na ga furfurarka, mijin banza mai aljihun wofi." Haka muke tun yana yawo ba wando har ya yi karatu ya samu aiki a wani ofis a Kaduna, ya yi aure, ya sayi mota.

Kin ga yadda abin yake ko? Wadda ta haife shi ba ta da bakin yi masa magana. Ni da nake da bakin, duk abin da na faɗa wasa ne.

Sai wuta ta lalace. Da can in an ɗauke ana kawowa. Aka koma a kawo ta kamar walƙiya, kafin ruwa ya yi sanyi an ɗauke. Daga baya ma taransifomar unguwa ta ƙone, aka yi ta cewa gobe, jibi. Hussaina ta jiƙa aya ta niƙo ta tace ta ƙulla, ta zauna tana kallon ƙwan fitila kamar mai jiran wata. Kunun aya kuwa ba ya haƙuri, in bai ji sanyi ba kafin la'asar ya yi tsami. Masu shaguna suka fara aikowa ana ce musu babu.

Ana cikin haka ta je suna Kudan, gidan wata 'yar gwaggonta, Mero, ita ma sana'ar ke nan. Ta dawo tun ba ta cire hijabi ba ta shigo ɗakina. Ban taɓa jin Hussaina ta yi magana mai tsawo irin ta ranar ba.

Ta ce, "Iya, na ga wani inji. Bai kai tsayin turmi ba. Yana da ƙafafu irin na baro, Mero da kanta take jan abinta ta kai inda take so. Makulli gare shi kamar na mota, murɗawa kawai ake yi. Ta ce in gwada, Iya da hannuna na tayar da shi. Ya ɗauki firizarta da fanka da ƙwan fitila. Kuma ta ce ba ya zuƙar mai."

Na ce, "To a sayo mana."

Ta ce, "Sai a hankali."

Allah da ikonsa, ba a jima ba Hamisu ya zo ganin gida. Ya shiga tsakar gida ya ga firiza a buɗe an kife kwanuka a ciki. Ya tambayi ƙanwarsa Bilki, ta ce ai an daina, babu wuta. Yaron yana da zuciya, ba zan hana masa wannan ba. Nan take ya ce shi zai saya wa Adda janareta kafin azumi. Hussaina na madafa ta ji. Da ta zo wucewa ta ƙofata da kwano sai ta rage murya ta ce, "Iya, ki gaya wa ɗan ɗakinki irin na Mero."

Na kira shi. Na ce, "Hamisu, zauna, magana zan yi da kai."

Ya ce, "To, yau kuma saki za a nema?"

Na ce, "Ba wasa nake ba. Injin nan da za ka saya, madaidaici za ka sayo, mai makulli, mai ƙafafu, wanda mace za ta iya tayarwa da kanta. Akwai irinsa a Kudan gidan Mero, ka je ka gani."

Wallahi yaron nan sai ya kwanta a kan tabarmata yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Jama'a ku zo, matata ta zama makanike! Iya, yaushe kika yi karatun inji? Ke da ko tocila sai an kunna miki?"

Na ce, "Uwarka ce ta ce in gaya maka."

Ya ce, "Adda? Adda da ba ta magana? Ke dai faɗi gaskiya, ƙarami kike so don ki ɓoye shi a ƙarƙashin gado ki hana kishiyarki ta Kaduna. Kwantar da hankalinki, wanda zan kawo har ɗakinki sai ya haska, ki ga kyankyasan da kike kwana da su."

Na zage shi, ya rama da dariya. Na ɗaga sanda, ya kauce yana tafi. Duk abin da na yi don ya gane da gaske nake, shi a wajensa wasan ne ya yi daɗi. Tsufa ke nan. Kana magana da hankalinka, ana yi maka kallon mai ba da nishaɗi.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Lado ya shigo, aka zauna. Hamisu ya juya wajen ƙofar uwarsa ya ce, "Adda, wane iri kike so?" Tana zaune tana tsince shinkafa. Na zuba mata ido, ina cewa a raina, yi magana, 'yar nan, yau ɗaya dai yi magana. Ta sunkuyar da kai cikin tire. Ga ɗan fari, ga ƙanin miji, ga uwar miji. Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Duk wanda aka kawo, Allah ya yi albarka."

Ai kuwa Lado ya samu ƙofa. Ya gyara hula ya ce, "Ka ji ko? Mata me suka sani a inji? Ka ga ɗana, gidan nan babba ne. In za ka yi abu ka yi na girma. Ka kawo ɗan ƙarami irin na masu cajin waya, mutane su ce ɗan Saminu yana Kaduna amma abin da ya iya ke nan? Akwai wani abokina a Zariya da ya rufe gidan burodinsa, yana da wani ingarma, in aka tayar da shi har masallaci sai ya ɗauka."

Na ce, "Lado, injin na Hussaina ne ko na masallaci?"

Ya ce, "Iya, ki bar mu mu yi magana."

Ki bar mu mu yi magana! Ni da na wanke masa kashi.

Suka tafi Zariya su biyu. Suka dawo da yamma da a-kori-kura, yara na bin ta a guje. Da na leƙa na ga abin sai da na ce innalillahi. Wani jibgegen abu kamar saniya ta kwanta, baƙi ƙirin da tsohon mai. Ƙarti suka taru suna ɗaga shi suna nishi. Aka zo shiga da shi cikin gida, ƙofar ciki ta ƙi. Lado ya ce ai ma ya fi a bar shi a zaure, a sa masa sarƙa saboda ɓarayi, a ja waya zuwa ciki. Na ce ina makullin? Suka ce wajen makullin ya mutu, amma ba komai, igiyarsa lafiya lau. Lado ya cire riga ya taka shi da ƙafa ya ja, ya ja, jijiyar wuya ta fito masa, sannan abin ya ɗauka. Ƙarar kuwa, kaji suka watse, ƙasa na rawa. Maƙwabta suka cika ƙofar gida ana Allah ya sanya alheri. Lado sai washe baki yake kamar shi ya haife shi. Hamisu ya leƙo ɗakina ya ce, "Matata, kin ji muryar mijinki?" Washegari ya koma Kaduna da zuciyarsa fes, shi ya yi wa uwarsa abin kirki.

To ki duba min. An saya wa mace inji an ajiye shi a zaure, wurin da ba ta zama. An saya wa mai ciwon kafaɗa injin da sai ƙato ya cire riga. Da safe lokacin da take bukatarsa maza duk sun tafi fadama wajen rake. In sun dawo da yamma a tayar, amma ba don firiza ba. Lado ya sayo talabijin ya kafa a zaure, samarin unguwa suka mayar da ƙofar gidanmu gidan kallon ƙwallo. Kowa ya zo da wayarsa ya soka. Ana tashi daga kallo a kashe. Ita kuwa firiza ba ta san wannan ba, tana so a bar ta ta daɗe tana aiki kafin ruwa ya daskare. Ga shan mai. Ki zuba masa galan kamar kin zuba a rairayi, kuma lokacin an cire tallafi, fetur ya zama abin da ya zama. In Hussaina ta ba da a sayo mai don firizarta, a ƙwallo zai ƙare. Sannan ga aro. Yau an ɗauke shi an kai walima, gobe wa'azi, jibi ɗaurin auren ɗan wani abokin Lado a Saulawa, sai ya kwana biyu bai dawo ba. Lado ba ya iya cewa a'a, ai da shi ake ce masa Alhaji Lado mai inji, alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

Na sa Bilki ta kira min Hamisu a waya. Na ce injin nan bai yi wa uwarka amfani ba. Ya ce, "Iya, an kawo ƙarami ki ce ƙarami, an kawo babba ki ce babba. Ke dai kewata kike, ina nan zuwa da goro." Na ce wa Hussaina, ke karɓi wayar nan ki gaya masa da bakinki. Ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi. Ranar ita ma na yi mata faɗa. Na ce kunyar da za ta kai ki bara, wannan ba kunya ba ce. Ta ce, "Iya, ya yi don Allah. In na ce bai yi ba, na kunyata shi gaban baffansa." Kin ji. Shi take karewa.

Azumi ya kama a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Wannan shi ne lokacin da mai ƙanƙara take samun na shekara. Masu shagunan tasha suka aiko, suka ce in za ta iya kawo musu kullum to, in ba za ta iya ba akwai wani da ya buɗe shago da firiza mai aiki da hasken rana. Ta ce za ta iya. Ta roƙi Lado ta bakin matarsa, ya ce in sha Allah kullum zai tayar kafin ya fita. Ya yi na kwana biyu. Rana ta gaba ta tashi tun sahur ta haɗa kunun aya da zoɓo ta cika firiza, ta sa an sayo mai an zuba. Gari ya waye, Lado ya hau babur ya tafi Ikara wajen wata ta'aziyya, ya manta. Aka nemi namiji a unguwa, duk an watse. Rana ta ɗaga. Tana buɗe firiza tana taɓa ƙullin tana rufewa.

Can na ga ta zura hijabi ta nufi zaure. Na ɗauki sandata na bi ta. Na ce Hussaina kar ki yi. Ba ta ko juyo ba. Ta naɗe hijabin a wuya, ta taka injin da ƙafa yadda ta ga maza na yi, ta kama igiya da hannu biyu ta ja. Shiru. Ta sake ja. Sai abin ya yi wani tari ya fizge igiyar da ƙarfi, ya tafi da hannunta. Na ji ƙas. Ta zube a gefen injin. Kin san ko ihu ba ta yi ba? Saboda akwai masu wucewa a waje, kar su ji muryarta. Leɓenta ta ciza har ya fashe. Ni ce na yi ihun.

Aka kira mai ɗori ya mayar da kafaɗar, ya ce ta goce kuma akwai tsagewa. Kunun ayar nan kaf a kwata aka zubar da shi, warin tsami ya cika gida har aka sha ruwa. Lado ya dawo, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa ya aike ta? Mace da inji?" Sannan ya tara mutan gida ya ce kar wanda ya tayar wa Hamisu da hankali, a ce masa santsi ya ɗauke ta a bakin rijiya. Na ce Lado, Allah ya isa ban ce maka ba don ni na haife ka, amma fita min daga gani.

Hamisu ya zo dubiya da ledar lemo da kankana. Ɗakina ya fara shigowa kamar kullum. Ya ɗaga labule ya ce, "Ina matata? An yi min kunun shan ruwa ko sai na ƙara aure?"

Ina kan gado. Na riga na yi tunanin abin da zan yi tun kafin ya iso. Na dafa sanda na sauko, gwiwoyin nan suna ƙara, na durƙusa a gabansa har ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe. Barka da zuwa, Yallaɓai. An zo lafiya? Ya iyali, ya aiki?"

Ya fara dariya. Ban ɗago ba. Sai ya daina dariyar. Ya ce, "Iya, mene ne haka? Tashi don Allah."

Na ce, "Ba na tashi, ranka ya daɗe. In ina kan gado matar wasa ce ni, duk abin da na faɗa abin dariya ne. To yau ba kakarka ba ce a gabanka, wata tsohuwa ce ta kawo ƙara wajen mai mota."

Ledar ta faɗi, lemo ya gangara ƙarƙashin gado. Ya zube a ƙasa yana neman ya fi ni ƙanƙan da kai, yana cewa, "Iya ki rufa min asiri, kar wani ya shigo ya ga wannan, wallahi tsinuwa ce a kaina." Ya kama hannuna zai ɗaga ni, na fizge.

Na ce, "Uwarka ba rijiya ce ta kayar da ita ba. Injinka ne. Injin da ka saya wa baffanka da samarin unguwa." Na kwashe komai na gaya masa, tun daga sunan Kudan har zuwa kunun da aka zubar. Na ce, "Matar nan tun rasuwar ubanka ta yi ta daka don kar ku yi roƙo. Abu ɗaya ta taɓa nema a wajenka a duniya, shi ma ba ta iya faɗa da bakinta ba, ta aiko ni. Ka ce na zama makanike."

Ya ce, "Me ya sa ba a gaya min ba?"

Na ce, "Maimaita. Maimaita in ji."

Bai maimaita ba. Hawaye ne kawai. Ni kuwa ko a jikina, raina bai huce ba. Sai da ya rantse zai yi abin da aka ce sannan na bari ya ɗaga ni.

Ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa daga waje, ni ina daga ciki na zauna a bakin gadonta. Ya ce, "Adda, sannu da jiki." Ya ce, "Adda, ki yafe min. Wane iri ne?" Fuskarta na bango, hannu a ɗaure. Sannan ta ce, "Iya, ki ce na gidan Mero." Na ce ba zan ce ba, yana da kunne. Ranar bai sha ruwa a gida ba, a Kudan ya sha.

Kar ki ɗauka shi ke nan an gyara. Ya ce a sayar da babban a sayo wancan, Lado ya tubure ya ce injin ya zama na gida, sayar da shi zubar da mutunci ne. Yaro ba ya ja da baffansa, sai ya haƙura ya koma ya sake tarawa. Kafin sabon ya iso an yi sallah, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, wa zai sayi ƙanƙara? Masu shagunan tasha kuwa sun riga sun koma wajen mai hasken rana, har yau ba su dawo ba. Yanzu sai 'yan unguwa da masu biki. Hannun daman kuma kin gan shi, ba ya wuce nan, ko tulu ba ta ɗagawa, Bilki ce ke tace mata aya. Shi kuma Hamisu tun ranar bai ƙara ce min matarsa ba. In ya zo sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ina wuni Iya, ya jiki Iya, kamar wani baƙo. Na yi ta tsokanarsa, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Wannan ma a kan Lado na ɗora shi.

Sabon injin dai yana nan, ga shi can ƙarƙashin rumfa nesa da ɗakuna, Mero ta ce hayaƙinsa ba a wasa da shi. Da hagu take murɗa shi. Makullin ta sa masa zare ta rataya a wuya, da shi take kwana.

Babban kuwa bai rufa shekara ba ya buga, yana can zaure kaji na ƙwai a bayansa. Kwanan baya Lado ya shigo da rana, ya tsaya tsakar gida yana sosa ƙeya, ya ce wai abokinsa na walimar saukar ɗansa, ko za a ba da ɗan ƙaramin na yini ɗaya. Ni yake kallo, ya saba ta bakina ake bi. Na buɗe baki zan wanke shi ke nan, sai na ji murya daga bayan labule.

"Baban Sadiƙ, ba ya fita."

Lado ya juya yana neman mai maganar. Ya ce, "Na'am?"

Hussaina ta ce, "Akwai kaya a firiza. Ba ya fita."

Ya gyara hularsa, ya sa kai ya fice.